Lucio Dalla: Mawaƙin da Ya Daɗe Yana Waƙa da Bakin Aro

Akwai wata kalma da Italiyawa suka ƙirƙira wajen shekarar 1960, wadda in ka fassara wa Bahaushe zai yi mamakin abin da ya sa aka buƙace ta. Kalmar ita ce cantautore. Kalma biyu aka haɗa, mawaƙi da marubuci, wato mutumin da yake tsara waƙarsa da kansa ya kuma rera ta da bakinsa. A wurinmu ai haka waƙa take tun fil'azal. Mamman Shata bai taɓa zaman jiran wani ya kawo masa baiti ba, kuma ko a rubutacciyar waƙa, Aƙilu Aliyu shi yake rubutawa shi yake rerawa. A Italiya kuwa sai da aka yi wa abin suna, domin sabon abu ne, kuma daga baya sunan ya zama sarauta da ake naɗa wa wasu a hana wasu.

Kafin wannan lokaci sana'ar waƙa a can rabe take kamar aikin masaƙa. Wani ya rubuta baitoci, wani ya ɗora musu kari, kamfanin ɗab'i ya mallaki waƙar, sannan a nemo mai zaƙin murya ya rera. Gasar Sanremo, wadda har yau ita ce babban dandalin waƙa na ƙasar, a haka aka gina ta. Da aka fara a 1951, a wani zaure na gidan cacar garin, waƙa 20 aka shigar, amma masu rerawa uku ne kacal: Nilla Pizzi, Achille Togliani da wasu tagwaye mata da ake kira Duo Fasano. Waƙoƙi ne suke takara, mawaƙan 'yan dako ne kawai. Shekaru da dama bayan haka, kowace waƙa sau biyu ake rera ta da bakin mutum biyu daban, don a nuna cewa ba ta kowa ba ce a cikinsu.

Domenico Modugno ne ya fara tsage wannan labule a 1958, da waƙar da duniya ta sani da suna Volare, wadda ya tsara tare da Franco Migliacci. Ya hau dandali ya buɗe hannuwansa biyu kamar zai tashi sama, a wurin da aka saba ganin mawaƙi ya ƙame da hannu a ƙirji. Ta ci gasar, ta kuma ci kyautar Grammy biyu a bikin farko da aka yi a Amurka a 1959. Bayansa wasu samari suka taso daga birnin Jenowa: Gino Paoli, Luigi Tenco, Umberto Bindi, Bruno Lauzi, Fabrizio De André. Sun sha waƙoƙin Faransawa irin su Georges Brassens, sun watsar da tsohon salon uwa da ƙasa da fure, suka shiga waƙa da harshen da ake magana da shi a ɗaki da kan titi.

A ƙarshen Janairun 1967 aka tsinci gawar Tenco a ɗakinsa na otal a Sanremo, da harbin bindiga a ka, sa'o'i kaɗan bayan an fitar da waƙarsa daga gasar. Shekararsa 28. Hukuma ta ce shi ya kashe kansa. Gasa kuma ta ci gaba washegari kamar ba abin da ya faru. Wannan rana ce ta raba waƙar Italiya gida biyu. A gefe guda akwai canzone d'autore, waƙar mai alƙalami, wadda ake ɗauka da daraja kamar adabi. A ɗaya gefen akwai canzonetta, 'yar waƙar kasuwa. A 1972 wani dattijo mai sana'ar fure, Amilcare Rambaldi, ya kafa ƙungiya da sunan Tenco a cikin Sanremo ɗin kanta, don masu alƙalami su sami nasu dandalin. De André da Francesco Guccini ba su taɓa shiga babbar gasar ba. Aƙidar da ta kafu ita ce waƙa ba ta zama gaskiya sai wanda yake rera ta shi ya rubuta ta, kuma duk wanda ya kusanci kasuwa ya zubar da girmansa.

Ina son waƙoƙin wannan gida ƙwarai, amma ban yarda da aƙidar ba, kuma Lucio Dalla ne hujjata.

An haife shi a Bolonya ran 4 ga Maris 1943. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 7, mahaifiyarsa mai ɗinki ce ta rene shi. Bai shigo waƙa ta ƙofar adabi ba. Mabushi ne, yana busa kilarinet, wani abin busa mai siffar algaita amma muryarsa ta fi sanyi, kuma da kunne ya koya a ƙungiyoyin kiɗan jaz na garinsu. Pupi Avati, wanda suka yi ƙungiya ɗaya, ya sha faɗa cewa ganin baiwar yaron nan ne ya sa ya ajiye nasa kilarinet ɗin ya koma shirya fim. Gino Paoli ne ya lallashe shi ya fito ya yi waƙa da sunansa, ya fitar da faifansa na farko a 1964. Ba a karɓe shi ba. Gajere ne, ga gashi ko'ina a jiki, ga murya mai kururuwa irin ta baƙaƙen mawaƙan Amurka da yake ƙauna, har a rangadin waƙa na wannan shekara 'yan kallo suka riƙa jifarsa da kayan miya. Ya shiga Sanremo a 1966, ya koma a 1967, yana otal ɗaya da Tenco a daren da abin ya faru. Waƙar da ya zo da ita shekarar, ma'anar sunanta ita ce dole mutum ya iya shan kaye.

Duk tsawon wannan lokaci da bakin aro yake waƙa. Shi yake ɗora kari, wasu su ba shi kalmomi, galibi Sergio Bardotti da Gianfranco Baldazzi. Waƙar da ta fito da shi sarari a Sanremo ta 1971 ma, wata mai zane ce, Paola Pallottino, ta rubuta baitocinta. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 16 da wani sojan ƙasar waje ya yi wa ciki lokacin yaƙi, aka kashe shi, ta haifi ɗa namiji, mutanen tashar jiragen ruwa suka riƙa kiransa da sunan jariri Yesu har girmansa. Masu tace waƙoƙi suka ce ba za a yi wannan suna ba, suka kuma sa aka sauya wasu kalmomi. Sai aka laƙa mata ranar haihuwar Dalla, 4/3/1943. Ta zo ta uku a gasar, ta cinye kasuwa, har Chico Buarque ya yi tasa a harshen Fotugis a Burazil.

Wanda ya kalli hoton bidiyon wannan dare, mai baƙi da fari, zai ga mutum da gemu da hula yana tsaye kusan ba motsi, goge yana jan kari a bayansa, shi kuma yana ba da labarin kamar wanda aka tambaya asalinsa a bakin kasuwa. Babu amshi mai tashi sama, babu hannu a ƙirji. Mutane da yawa sun ɗauka tarihinsa ne, alhali ko kalma ɗaya ba tasa ba ce, kuma labarin ba nasa ba ne. To a ma'aunin masu aƙida, me za a kira wannan? Waƙar ta fi yawancin abin da masu alƙalami suka rubuta a wannan shekara gaskiya, kuma bakinsa ne ya ba ta gaskiyar.

Wani mawaƙin da a nan zai kafa rumfa ya yi ta sayar da irin wannan haja. A 1972 Dalla ya koma Sanremo da Piazza Grande, waƙar wani marar gida mai kwana a kan benci, sannan ya juya baya ya tafi neman malami. Malamin da ya samu shi ne Roberto Roversi, mawallafin waƙoƙin adabi, tsohon ɗan gwagwarmayar yaƙi da mulkin Fasis, mai shagon sayar da tsofaffin littattafai a Bolonya, wanda ya kafa mujallar Officina tare da Pier Paolo Pasolini a 1955. Faifai uku suka yi tare, a 1973 da 1975 da 1976. Waƙoƙin suna magana a kan leburori 'yan kudu da suka yi ƙaura zuwa masana'antun Turin, da hayaƙi mai guba, da mota da abin da ta yi wa ƙasar. Roversi ba ya rubuta baiti don ya dace da kari. Yakan miƙo layuka dogaye masu gardama, Dalla ya yi ta kokawa da su, ya karya kari, ya lanƙwasa murya, ya cusa surutun jaz marar ma'ana inda kalma ta ƙi zama. Biyun farko ba su yi kasuwa ba. A na uku kamfanin RCA ya cire wasu waƙoƙin, Dalla ya amince, Roversi ya yi fushi ya ƙi sa sunansa, ya sa hannu da laƙabin Norisso. A nan suka rabu.

Ina ganin waɗannan shekaru huɗu su ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Mutumin da ya riga ya yi suna, yana da shekara 30, ya koma ya durƙusa gaban wani kamar ɗan koyo a maƙera, ya yarda kasuwarsa ta faɗi. Abin da ya koya a wurin Roversi ya wuce siyasa. Ya koyi cewa kowace irin kalma tana shiga waƙa, sunan sinadari ko farashin hannun jari ko ashar ɗin titi, muddin mai rerawa ya san inda zai ja numfashi.

Da malam ya tafi, sai ya zamana babu mai ba shi baiti. Ya koma tsibiran Tremiti a tekun Adiriyatik, inda ya saba zuwa tun yana yaro, ya zauna ya rubuta da hannunsa. A 1977, yana da shekara 34, bayan shekara 13 a fage, ya fitar da faifan farko da kalmomi da kari duk nasa ne, Come è profondo il mare. Waƙar da ta buɗe shi da fito take farawa, irin fiton mai tafiya shi kaɗai da dare, a kan jita mai maimaita abu ɗaya. Daga nan ya zubo tarihin ɗan Adam tun daga kifi a cikin ruwa, da talaka da mai mulki, da yadda masu iko suke tsoron tunani domin ba ya kamuwa. Ba huɗuba yake yi ba, kuma nan ne ya bambanta da takwarorinsa da dama na wancan zamani, waɗanda wasu waƙoƙinsu yau in ka saurara sai ka ji kamar takardar jam'iyya aka ɗora wa jita.

Zamanin kuwa na jini ne. A Maris ɗin 1977 an harbe ɗalibi Francesco Lorusso a Bolonya, motocin sulke suka shiga unguwar jami'a. A 1978 ƙungiyar Brigate Rosse ta sace tsohon firayim minista Aldo Moro ta kashe shi. A Agustan 1980 bom ya tashi a tashar jirgin ƙasa ta Bolonya, mutum 85 suka mutu. A tsakiyar wannan ne Dalla ya yi faifansa na 1979 da na 1980. A na 1979 akwai L'anno che verrà, wasiƙa zuwa ga aboki na nesa. Ya fara da ba shi labarin gari, yadda mutane suka daina fita da dare suka daina magana da juna, sannan ya shiga lissafa abubuwan alherin da aka ce sabuwar shekara za ta kawo, kowanne ya fi na baya zama ƙarya, har mai sauraro ya gane cewa marubucin ya san ƙarya ce, yana faɗa ne don ya iya kai gobe. Ban san wata waƙa da ta kama halin mutanen da tsoro ya tsare a gida kamar wannan ba. A na 1980 akwai Futura, wadda ya ce ya rubuta yana zaune a gindin katangar Balin, labarin masoya biyu da suke raɗa wa 'yar da ba su haifa ba suna.

A bazarar 1979 ya yi rangadi da takwaransa Francesco De Gregori, suka kira shi Banana Republic. Sai an san abin da ya gabata za a ga nauyinsa. A Afrilun 1976, a wani zauren wasa a Milan, 'yan ra'ayin gurguzu masu zafin kai sun hau dandali sun tsare De Gregori, suka yi masa shari'a a gaban jama'a kan kuɗin da yake karɓa, har ya jingine wasa na wani lokaci. Manyan mawaƙan waje ma sun ƙaurace wa Italiya saboda tarzoma a wuraren wasa. Wannan shi ne ƙarshen hanyar waccan aƙida: mawaƙi ya zama limami, mabiya kuma suna binciken aljihunsa. Dalla da De Gregori suka ɗauki waƙar masu alƙalami suka kai ta filayen ƙwallo, dubban mutane suka cika su lafiya lau, ana dariya ana rawa, Dalla da 'yar hularsa ta ulu yana busa kilarinet tsakanin baiti da baiti.

Faifai uku ke nan cikin shekara huɗu, kuma ba na shakkar cewa su ne ƙololuwarsa. Amma ya rayu shekara 32 bayansu yana aiki, kuma a nan ne masu suka suke samun abin faɗa.

A 1986 ya yi Caruso, waƙar da ta fi kowace tasa yawo a duniya. Kamar yadda yake ba da labari, jirgin ruwansa ne ya lalace, ya sauka a wani otal a Sorrento, aka ba shi ɗakin da babban mawaƙin opera Enrico Caruso ya zauna gab da rasuwarsa a 1921, aka kuma ba shi labarin wata budurwa da Caruso yake koya wa waƙa a kwanakinsa na ƙarshe. Baitocin kusan magana ce a kan piyano, ƙasa-ƙasa, sai amshi ya ɓarke da harshen Napoli, wanda ya ɗebo daga wata tsohuwar waƙar garin. Wato ya koma ya ɗauko daidai irin waƙar hannu-a-ƙirji da samarin Jenowa suka yi wa tawaye. Luciano Pavarotti ya rera ta, ɗaruruwan mawaƙa suka bi, ta zama ta kowa kamar waƙoƙin Sanremo na farko. A 1988 ya yi faifai da rangadi da Gianni Morandi, ɗan yankinsu, wanda a idon masu aƙida mai murya ne kawai. A 1990 ya fito a talabijin yana 'yar rawa tsakanin mata biyu, yana rera Attenti al lupo, waƙa mai kama da tatsuniyar yara, wadda abokinsa Ron ya rubuta. Mutumin da ya sha wahalar shekara 13 kafin ya sami alƙalaminsa ya sake aron baki da ganin damarsa.

Ba zan ce duk abin da ya yi a shekarun nan ya yi kyau ba. Faya-fayen da ya fitar daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa gaba suna da waƙoƙi masu rauni, kiɗan na'ura ya yi musu yawa, wani lokaci kana jin yana kwaikwayon kansa. Wasan Tosca da ya tsara a 2003 daga labarin opera ta Puccini ya fi ƙarfin abin da ya zuba a ciki. Wanda ya ce a tsaya a 1980 yana da hujja. Sai dai ina ganin halin da ya kai shi ga waɗannan kurakurai shi ne dai halin da ya kai shi shagon Roversi: ba ya iya zama a inda aka yaba masa, kuma ba ya ƙyamar hannun wani a cikin aikinsa.

In an bi diddigi ma, aƙidar mutum ɗaya mai alƙalami da murya ba ta taɓa zama cikakkiyar gaskiya ba. De André, wanda ake ɗauka shi ne liman a gidan, faifansa na 1971 daga littafin Ba'amurke Edgar Lee Masters ya samo shi, tare da Giuseppe Bentivoglio a baiti da Nicola Piovani a kari, kuma faifansa na 1984 cikin harshen Jenowa da Mauro Pagani suka yi shi. Lucio Battisti, wanda aka haifa kwana ɗaya tak bayan Dalla, ran 5 ga Maris 1943, Mogol ne ya rubuta masa kalmomi har zuwa 1980, kuma saboda haka aka daɗe ana ja-in-ja ko ya cancanci sarautar, alhali babu gidan Italiya da ba a san muryarsa ba. Hannu ɗaya bai taɓa ɗaukar wannan jinka ba. Bambancin Dalla shi ne bai ɓoye ba, kuma ya mayar da abin sana'a. Makaɗansa sun zama ƙungiyar Stadio mai cin gashin kanta. Luca Carboni ta wajensa ya fito. Samuele Bersani a kamfaninsa na Pressing ya fara, kuma tare suka rubuta baitocin Canzone ta 1996, yaron gida yana ba ubangida kalma. Ron tun yana matashi ya sa hannu a karin Piazza Grande, suka yi shekara 40 suna musayar waƙa. A 2010 ya sake rangadi da De Gregori, dattawa biyu suna rera waƙoƙin juna.

A Fabrairun 2012 ya koma Sanremo, shekara 40 bayan shigarsa ta ƙarshe, a zauren Ariston inda ake yin gasar tun 1977, Morandi ne ma mai gabatarwa. Bai zo da sunansa shi kaɗai ba. Ya rako wani saurayi ne, Pierdavide Carone, wanda ya fito daga gasar neman gwanaye ta talabijin, irin wurin da masu aƙida ba sa ko kallo. Tare suka tsara waƙar. Saurayin ya tsaya a tsakiyar dandali, Dalla ya hau wurin mai jagorantar makaɗa da tabarau ɗinsa, yana ba su umarni da hannu, makirufo a gabansa, in an zo amshi ya karɓa wa yaron. Ya zama ɗan amshi yana da shekara 68.

Mako biyu bayan haka, ran 1 ga Maris, zuciyarsa ta tsaya a wani otal a Montreux ta ƙasar Siwizalan, da safe, bayan ya yi wasa a daren da ya gabata. An yi jana'izarsa a majami'ar San Petronio da ke babban dandalin Bolonya ran 4 ga Maris, ranar da masu tace waƙoƙi suka sa aka rubuta a kan waƙar Paola Pallottino.